Kafin a Ɗauki Makara

A Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan da ke kewaye da su, wanda ya cika da asuba da wuya rana ta take bai kwanta a makwancinsa ba. Kafin labari ya gama zaga unguwa an aika a yanko likkafani, samari sun saɓi diga da shebur sun nufi maƙabarta, an tanadi ruwan wanka da ganyen magarya, liman ya iso ƙofar gida. Ba wanda ya rubuta wa wani takarda, ba wanda ya tsaya jiran umarni. Kowa ya san abin da ya hau kansa. Wannan gaggawa tana daga cikin kyawawan abubuwan da muka gada. Addini ne ya yi umarni da ita, zafin ƙasarmu ya ƙarfafa ta, kuma tana ɗauke da wani adalci da ba kasafai ake lura da shi ba: attajirin kasuwa da ɗan dakon da ke ɗaukar masa kaya farin ƙyalle iri ɗaya suke samu, rami iri ɗaya, kuma iyalin mamaci ba sa cin bashi don su binne shi, saɓanin wuraren da gawa kan yi wata da watanni a ɗakin sanyi ana tara kuɗin biki. Duk wanda zai yi magana a kan binciken gawa a ƙasar nan, in bai fara da amincewa da darajar wannan al'ada ba, to bai san mutanen da yake yi wa magana ba.

Sai dai mutuwa suna ta tara, ko da yake makara ɗaya ke ɗaukar kowa. Akwai dattijon da ya shekara tamanin, ya yi jinya ta wata uku, ya bar wasiyya, ya cika a gaban 'ya'yansa. Wannan ba mai tambayar abin da ya kashe shi. Akwai kuma magidanci ɗan shekara talatin da ya ci tuwon dare lafiya lau, ya yi hira da maƙwabta, ya shiga ɗaki, gari ya waye ba shi. Akwai amaryar da aka tsamo daga rijiya. Akwai gidan da ya rasa yara uku a mako guda, da manomin da aka tsinta kwance a fadamarsa, da wanda aka ce ya yanke jiki ne kawai ya faɗi a inda ake tsare da shi. Dukkansu wanka ɗaya muke yi musu, cikin sauri ɗaya, mu rufe su da kalmomi ɗaya: kwana ne ya ƙare, ajali ne ya yi kira. Tambayar da nake son mai karatu ya tsaya a kanta tare da ni ita ce: idan mun gaggauta suturta irin waɗannan, mun sauke duk haƙƙinsu da ke wuyanmu ke nan? Ko kuwa da sauran wani haƙƙi, na a san abin da ya yi sanadinsu, wanda muke turbuɗewa tare da su?

Abu na farko da za a tare ni da shi shi ne ƙaddara. Za a ce rai ba ya wuce lokacinsa, bincike kuma ba ya dawo da wanda ya tafi. Duka biyun gaskiya ne, ba kuma musulmin da ke jayayya da su. Amma shari'ar da ta koya mana cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, ita ce dai ta shar'anta ƙisasi da diyya, ta bambanta kisan ganganci da na kuskure, ta ƙayyade abin da za a biya a kan ido da haƙori da yatsa. Da faɗin kalmar ajali yana rufe magana, da babu babin jini a cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. Ajali yana amsa tambayar yaushe. Tambayar ta yaya kuwa, da ta hannun wa, sanadi ke amsa su, kuma su ne aka ɗora wa ɗan'adam nauyin bin diddiginsu. Lokacin da Sayyidina Umar ya doshi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya juya da mutanensa. Da aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar take. Mutumin da ya gane wannan ba zai ɗauki neman sanin sanadi a matsayin rashin tawakkali ba. Hausawa ma sun riga sun faɗa, ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi damuna shi ne, tambayar da muka ƙi yi a fili ba ta bin gawa cikin rami. Da an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi, tana nan zaune a cikin masu zaman makoki. Kafin sadakar uku an fara raɗa, kafin ta bakwai raɗar ta sami suna. A cikin gida a ce kishiya ce ta barbaɗa wani abu a fura. A waje a tuna cewa mamacin yana rikicin iyakar gona da ɗan baffansa. In yaro ne ya mutu, ido ya koma kan wata tsohuwa marar gata a ƙarshen lungu, a ce ita ta kama kurwarsa. An ce maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. To haka nan uwar da ba ta san abin da ya ci ɗanta ba, ba ta daina nema, kuma in ba a ba ta amsa ta gaskiya ba za ta karɓi wadda aka miƙo mata. Wannan shari'a ta bayan fage ba ta kiran shaida, ba ta sauraron wanda ake tuhuma, kuma ban taɓa jin ta faɗa kan mai ƙarfi ba. Kullum kan bazawara take sauka, ko baƙo, ko matar da ba ta haihu ba, ko wanda danginsa suka ƙare. Muna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma mun bar wa zato filin gaba ɗaya, domin mun toshe hanyar da yaƙini zai biyo.

Wannan bai tsaya ga talakawa ba. Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja ranar 8 ga Yuni, 1998, aka binne shi a Kano a wannan rana, ba a yi binciken gawarsa ba. Yau fiye da shekara ashirin da biyar, duk majalisar da aka ɗauko zancen sai ka ji labari uku ko huɗu mabambanta, kowa yana rantsuwa a kan nasa, kuma babu ranar da za a raba gardamar. Wata guda bayansa, ranar 7 ga Yuli, Cif Moshood Abiola ya rasu a tsare. Shi an gayyato likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada, suka bincika, suka ce daɗaɗɗen ciwon zuciya ne. Zan dawo kan wannan na biyu, domin akwai darasi mai ɗaci a cikinsa.

Me gawa za ta iya faɗa wa wanda ya iya sauraronta? Fiye da yadda yawancinmu ke tsammani. Idan zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya kwanta a sashen jikin da ke ƙasa, bayan kimanin rabin yini kuma ya kafe a nan; saboda haka in an tsinci mutum rub da ciki alhali jininsa ya kwanta a gadon bayansa, likita ya san wani ya juya shi ko ya ɗauko shi daga wani wuri. Gaɓoɓi sukan fara sandarewa 'yan sa'o'i bayan cikawa, daga muƙamuƙi da wuya zuwa ƙasa, daga baya su sake, kuma zafi irin na watan Afrilu yana gaggauta duka biyun; da wannan ake kintatar lokacin mutuwa. Raunin da aka yi wa mai rai yana zub da jini cikin tsoka ya yi tsami, wanda aka yi wa gawa ba ya yin haka. Wanda aka shaƙe sau da yawa akan ga ɗige-ɗigen jini ƙanana a cikin fatar idonsa, da ƙujewar farce a wuya, wani lokaci da karayar ɗan ƙashin da ke ƙarƙashin harshe. Wanda gobara ta ci yana da rai akan sami baƙin hayaƙi a maƙogwaronsa, domin ya shaƙa. Wanda aka kashe sannan aka cinna wa ɗakin wuta maƙogwaronsa fes yake.

Sau da yawa kuma abin da gawa ke faɗa wanke mutane ne. Hayaƙin janareto da aka kunna a zaure ko kusa da taga yana kashe gida guda cikin barci, ba ihu ba alamar kokawa, ɗigon jini kaɗan kuma ya isa a tabbatar da shi. Ƙwayar da manomanmu ke jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari tana fitar da iska mai guba, in an jibge buhunan a ɗakin kwana. Maganin feshi irin su fiya-fiya yana tsuke ƙwayar ido ya sa kumfa a baki. Saran kububuwa yana iya zama ɗan tabo biyu a ƙafa wanda ba mai lura da shi cikin ruɗewa. Jijiyar jini tana iya fashewa a kan mai hawan jinin da bai taɓa zuwa awo ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a wani gida, an taɓa kiransa sammu, an kuma taɓa ɗora shi a kan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.

Akwai masu ganin cewa wannan ilimi na Turawa ne, da su ya zo, da su ya kamata ya tafi. Tarihi bai goyi bayansu ba. Littafin binciken gawa mafi daɗewa da ya iso gare mu cikakke wani alƙalin ƙasar Sin mai suna Song Ci ne ya wallafa shi a 1247. A ciki ya kawo labarin wani da aka kashe da lauje a wani ƙauye. Mai bincike ya sa kowa ya fito da laujensa ya ajiye a rana, sai ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, wanda aka wanke amma ƙarnin jini bai bar shi ba, mai shi kuwa ya amsa laifinsa. Manomin Jabo ko na Kuchi ba ya buƙatar a fassara masa hikimar da ke cikin wannan. Amma ba sai mun je Sin ba. A ƙissar Annabi Yusufu, riga ce ta yi shaida har sau biyu: malaman tafsiri sun ce mahaifinsa ya lura an shafa mata jini amma ba ta yage ba, alhali an ce kyarkeci ne ya cinye mai ita, daga baya kuma wurin da wata rigar ta tsage, ta baya, shi ya wanke shi daga ƙazafi. Ranar Badar, da samari biyu suka yi jayayya a kan wanda ya kashe Abu Jahli, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, takubbansu ya duba bayan ya tabbatar ba su goge su ba. Sura mafi tsawo a Alƙur'ani ta samo sunanta ne daga ƙissar wani kisa da mutane suka yi ta tura wa juna, har Allah Ya sa wanda aka kashe ya bayyana makashinsa.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun gina hukunci a kan wannan ƙissa ta ƙarshe. A wurinsu, idan wanda aka ji wa rauni ya ce jinina yana wuyan wane, adilai biyu suka ji, sannan ya cika, wannan magana tana buɗe wa magadansa ƙofar rantsuwa hamsin da ake kira ƙasama. Malamai na baya kuma suka ƙi yin aiki da irin wannan furuci sai in an ga alamar rauni ko duka a jikinsa. Ma'ana, sai an duba jikin. Ibn Farhun, alƙalin Madina na ƙarni na 14, ya yi dogon bayani a Tabsiratul Hukkam a kan yin hukunci da alamomi. Nan ƙasar ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Mutanen da suka bar mana wannan gado ba su ɗauki jahiltar jikin ɗan'adam a matsayin tsoron Allah ba.

Duk da haka akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba na son in wuce ta da gudu. Gawar ɗan'adam tana da alfarma. Hadisi ya daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na karya ƙashin mai rai, an kuma hana yi wa gawa kaca-kaca ko da ta abokin gaba ce a fagen fama. Wanda ya taɓa wanke mahaifinsa ya san yadda hannu ke yin sanyi, yadda ake juya shi a hankali kamar zai ji zafi. A ce wa irin wannan mutum za a sa wuƙa a ƙirjin mahaifin nasa, a ciro zuciya a aza a ma'auni, ƙyamar da zai ji ba jahilci ba ce. Ita ce ma alamar cewa mutuntakarsa na nan da rai. Al'ummar da ta daina jin wannan ƙyama ta yi hasarar wani abu mai tsada. Abin tambaya shi ne ko wannan alfarma ta kai matsayin da babu abin da ke rinjayar ta.

Amsar tana cikin Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi. Ya halatta a tsaga cikin mamaci idan ya haɗiye dukiya mai yawa, don a fitar da ita. Ya halatta a tone kabari idan an manta da dukiya a ciki, ko an yi wa mamacin sutura da tufar da aka ƙwace mai ita kuma ya ƙi yafewa. To, in haƙƙin mai zinariya ya isa a buɗe ciki saboda shi, ina ga haƙƙin jini, wanda shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin bayi ranar alƙiyama? Ina kuma ga mutuncin matar da za ta ƙare rayuwarta ana nuna ta da baki? A kan irin wannan awo ne Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta binciken gawa a 1976 domin gano laifi da domin gano annoba, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka kuma ta bi sahu a 1987, da sharaɗin a tsaya iya gwargwadon larura, a kuma binne duk abin da aka taɓa. Ba wanda ya ce alfarmar gawa ta faɗi. Cewa aka yi akwai lokacin da barin bincike ya fi yin sa ɓarna.

Maƙwabtanmu na gabas sun ga wannan lokaci da idonsu. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara ƙanana suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa. An binne su ɗaya bayan ɗaya yadda addini ya tanada, aka yi ta'aziyya, aka ce zazzaɓi ne, aka ce iska ce. Kafin yaran ma agwagin garuruwan sun ƙare, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Sai a watan Maris, da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ya ƙi aiki, aka ɗebi jini aka auna. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, yara suna rarrafe a ƙurarsa suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka mutu. Ban ce da an bincika yaro na farko da duk sauran sun tsira ba, amma tsakanin kabari na goma da na ɗari huɗu akwai watanni, kuma abin da ya tsayar da mutuwar a ƙarshe ɗan jini ne a cikin kwalba. Haka a Kano a watan Afrilu na 2020, masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Da yake an riga an binne kowa, sai bin gidaje aka yi ana tambayar iyalai yadda mamatansu suka yi jinya. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Kalmar mai yiwuwa ita ce iyakar abin da tambayar baki za ta iya bayarwa.

Yanzu bari in koma kan Abiola. An yi masa binciken da ya fi kowane a tarihin ƙasar nan jan hankali, da ƙwararru daga ƙasashe uku, amma har gobe akwai ɗimbin mutanen da ba su yarda da sakamakon ba, domin ba su yarda da hukumar da ya mutu a hannunta ba. Wuƙar likita ba ta haifar da amana. Wannan shi ne ainihin abin da ke hana mutumin Kebbe kai gawar ɗan'uwansa bincike, fiye da duk wata fatawa. Doka tana nan tun zamanin Turawa, wadda ta ba alƙalin majistare ikon ya sa a binciki mutuwar fuju'a ko ta rauni ko ta wanda ke tsare. Amma mu dubi abin da bin ta ke nufi ga talaka. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni 'yan ƙalilan ne, kuma a manyan asibitoci suke, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Daga Tambuwal zuwa can kimanin kilomita ɗari ne, ta Shagari da Boɗinga. Daga ƙauyukan Kebbe kuwa sai an fara fitowa bakin titi tukuna. Sai ya yi shatar mota, a cikin zafin da kan haura digiri 40. Yana tsoron a riƙe gawar kwana da kwanaki. Yana tsoron in ya kai rahoto shi za a fara tsarewa. Bai tabbata ba ko takardar da za a rubuta za ta faɗi abin da aka gani ko abin da mai ƙarfi ke so. Idan irin wannan mutum ya ce na bar wa Allah, ni ban ga tawakkali kaɗai a maganarsa ba, na ga lissafin wanda ya san bango ya fi ƙarfin goshinsa. Zargin sa da duhun kai zalunci ne na biyu. Nauyin yana kan masu iko, su kusanto da binciken, su ɗauke kuɗinsa, su kuma yi alkawarin mayar da gawa a yinin da aka karɓe ta. Jihar Legas ta sake fasalin dokarta ta binciken mutuwa tun 2007. Mu da addininmu ya fi matsa mana a kan lokaci, mu ya fi kamata mu tsara wadda ta dace da mu.

Kuma ba kowane bincike ne ke buƙatar fiɗa ba, abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan. Kaso mai yawa na abin da na lissafa a baya da ido ake ganin sa, ko da sirinji ɗaya na jini, ko da ɗaukar ragowar abincin da aka ci da kwalbar da aka samu a ɗaki. A birnin Bern na ƙasar Suwizalan, tun farkon shekarun 2000 likitoci suka fara duba cikin gawa da na'urar hoto ba tare da an tsaga ta ba, musulmi da yahudawan Ingila kuma sun rungumi wannan hanya. A Bamako ta ƙasar Mali, inda jama'a musulmi ne 'yan Malikiyya kamar mu, ana amfani da allura a tsamo ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba daga huhu ko hanta don a gano abin da ke kashe ƙananan yara, a mayar wa iyaye da ɗansu ba tare da an yanka shi ba. Na'urar hoto ta yi mana nisa a yau. Ido da sirinji da takarda kuwa ba su fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma ba, kuma aikinsu bai wuce lokacin da samari ke ɗauka suna haƙar kabari ba.

A nan ne nake ganin mun manta da wani mutum, wato mai wankan gawa. Shi ne na ƙarshe da ke ganin jikin mamaci, ko ita in mace ce, kuma a mafi yawan garuruwanmu shi kaɗai ne zai taɓa ganin sa. Malamai sun so a zaɓi amintacce, an kuma kwaɗaitar da shi ya rufe abin da ya gani na aibi. Wannan ladabi ne mai kyau, amma an faɗaɗa shi har ya rufe abin da ba a ce a rufe ba. Aibin da aka ce a suturta na mamaci ne: wata tawaya a jikinsa, ko sauyin kama da zai sa a yi masa mugun zato. Shatar igiya a wuyan yarinya kuwa, ko tabon bulala a bayan almajiri, ko kumburi a ƙeyar matar da aka ce santsi ne ya kwashe ta, waɗannan aibin wani ne da ke tsaye a waje yana karɓar gaisuwa. Mai wankan da ya gan su ya ja likkafani ya rufe, ya yi shiru, asirin mai rai ya rufa, mamacin kuwa ya tone masa nasa haƙƙin ya zubar. Shari'ar da ta ce a rufa asiri ita ce ta kira ɓoye shaida zunubin zuciya. Na san ba ƙaramin abu nake nema ba. Tsohuwar da ke wankan mata a unguwa tana zaune ne da mutanen gidan, gobe za ta gamu da su a rijiya, kuma ba wanda zai kare ta in ta yi magana. Shi ya sa bai kamata nauyin ya tsaya a kanta ita kaɗai ba. Ya kamata ta san akwai wanda za ta raɗa wa, wanda kuma in ya ce a dakata za a dakata.

Wannan mutum, a tsarin garuruwanmu, liman ne da mai unguwa. Sau da yawa ba laifi a gaggawar dangi, baƙin ciki ne da son a sauke farali. Amma wani lokaci wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan a yi sauri, rana na yi, shi ne wanda jinkirin sa'a guda zai tona. Iyali ba za su iya zama alƙalin wannan ba, domin abin a cikinsu yake. Liman kuwa yana da wata dama da ba wanda ke musun ta. Manzon Allah yakan tambaya, kafin ya sallaci gawa, ko ana bin mamacin bashi, har yau kuma a jana'izarmu akan yi shela cewa duk mai bin sa wani abu ya zo ya faɗa wa magada, ba kuma wanda ke kiran wannan jinkirta sutura. Idan mamacin yaro ne ko mai ƙuruciya, bai yi jinya ba, ko an tsince shi ne ba a ga cikawarsa ba, liman na iya ƙara tambaya biyu a kan ta bashi, tun ruwa bai taɓa jikin ba: wa ya ga yadda ya cika, kuma wane ma'aikacin lafiya ne ya duba shi? In an rasa amsa, a aika yaro da babur asibiti, masu haƙa kuma su ci gaba da haƙarsu.